Yadda Ake Haɗa Karatun Lauya da na Kasuwanci, Tun Daga Cike Fom Har Zuwa Kundin Bincike

Duk shekara idan lokacin sayar da fom ɗin JAMB ya gabato, tambaya ɗaya ce ke yawan iso mini daga iyaye da ɗalibai a Katsina da Daura da garuruwan da ke kewaye: ta yaya yaro zai karanta shari'a da kasuwanci tare, ya kuma fita da sakamako mai daraja? Galibin masu tambayar 'ya'yan 'yan kasuwa ne da suka taso a bakin shago, suka ga yadda bashin da ba a rubuta ba ya raba aminan shekara talatin, ko yadda dukiyar gado ta narke saboda ba a san inda kuɗin shago ya tsaya da inda na gida ya fara ba. A Najeriya hukumar JAMB kwas ɗaya take ba mutum a lokaci ɗaya, don haka ɗalibi ne zai haɗa fannonin biyu da hannunsa, kuma jerin da ya bi shi ne zai sa ya gama cikin shekara 7 ko ya kai 10.

Mataki na 1: Tsayar da hanya kafin a kashe ko sisi

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce a fara da digirin lauya, shekara 5, a cika shi da darussan kasuwanci, a yi jarrabawar ƙwararru a gefe, sannan shekara 1 a Makarantar Horas da Lauyoyi da 1 a hidimar ƙasa. Ta biyu ita ce a fara da digirin kasuwanci ko akanta ko tattalin arziki, shekara 4, a yi hidimar ƙasa, sannan a koma tsangayar shari'a ta hanyar shiga kai tsaye, wato DE, a fara daga aji biyu a ƙara shekara 4, sannan makarantar lauyoyi. Wannan shekara 10 ke nan idan babu yajin aiki. Ta uku ita ce fita waje. A Ostireliya da Niyu Zilan akwai tsarin digiri biyu a haɗe da ake gamawa cikin kimanin shekara 5, kuma a wasu jami'o'in ɗalibin da makinsa ya yi sama ne ake ba damar yin bincike na musamman don samun darajar girmamawa. A Ingila kuma akwai digirin lauya mai haɗe da darussan kasuwanci na shekara 3.

Shawarata ga mai fitowa daga sakandare ita ce hanya ta farko. Dalili kuwa, ilimin kasuwanci yana da ƙofofi da yawa da za a iya shiga a kowane lokaci, da dare ko ƙarshen mako, amma lauya ƙofa ɗaya gare shi, kuma cikakken lokaci yake buƙata.

Gargaɗi: Majalisar Ilimin Shari'a ta ƙasa ba ta karɓar digirin lauya da aka yi na wucin gadi ko na ƙarshen mako. Wanda kuma ya yi nasa a ƙasar waje sai ya zauna zangon share fage a makarantar lauyoyi, inda zai koyi dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da sauran ɗalibai. A sa wannan lokaci da kuɗinsa cikin lissafi tun kafin a nemi biza.

Mataki na 2: Gyara takardun sakandare

Ana buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO. Ga mai neman lauya, Turanci da Adabin Turanci wajibi ne, Lissafi ma kusan ko'ina ana nemansa. Tun da kasuwanci na cikin niyya, a tabbata an samu Tattalin Arziki, idan makarantar na koyar da Akanta ko Kasuwanci a ƙara da su, domin su ne za su buɗe ƙofar jarrabawar ƙwararru a mataki na 5.

Gargaɗi: Adabin Turanci shi ne ramin da ya fi cin yaranmu. Makarantu da yawa ba su da malaminsa, sai yaro ya kai aji shida bai taɓa buɗe littattafan da aka tsara ba. Na san ɗalibin da ya ci maki mai kyau a JAMB, ya rasa gurbi saboda wannan darasi kaɗai, ya zauna shekara guda a shagon yayansa yana jiran sake zama. Idan yaro yana aji huɗu, yau ne ranar da za a tambayi shugaban makarantar ko ana koyar da shi.

A kuma duba suna da ranar haihuwa a lambar NIN da takardar sakandare da ta haihuwa. Idan wata ta ce Muhammad wata ta ce Mohammed, ko an juya sunan uba da na kaka, a gyara yanzu, domin irin wannan saɓani yakan biyo mutum har ranar tantancewa a makarantar lauyoyi.

Mataki na 3: Cike fom da zaɓen makaranta

Darussa 4 ake rubutawa. Na lauya: Turanci, Adabin Turanci, da biyu daga fannin Arts ko zamantakewa. A nan a zaɓi Tattalin Arziki, a haɗa da Gwamnati ko Addinin Musulunci. Na kasuwanci kuwa Lissafi yake nema a maimakon Adabi, shi ya sa fom ɗaya ba ya ɗaukar kwasa-kwasan biyu. Wanda ya sa lauya a zaɓin farko da kasuwanci a na biyu, ɗayansu darussansa ba su cika ba. A karanta littafin sharuɗɗa na JAMB na wannan shekarar, kada a dogara da abin da mai shagon kwamfuta ya haddace bara.

A cikin gida akwai tsangayar shari'a a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wadda aka kafa a 2006. Kusa da mu akwai Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda a harabar Kongo masu karatun shari'a da masu karatun mulki da kasuwanci suke maƙwabtaka, abin da ke sauƙaƙa wa ɗalibi leƙa ɗakin karatun juna. Wanda bai samu shiga ba a karon farko yana iya yin difloma a fannin shari'a, kamar a Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura, ya nemi DE daga baya, amma sai ya fara tabbatar da cewa jami'ar da yake so tana karɓar wannan diflomar.

Idan jami'ar na ba da zaɓi tsakanin dokar Turawa zalla da wadda ta haɗa da shari'ar Musulunci, ɗan Katsina mai son harkar kasuwa ya ɗauki mai haɗin. Cinikin mutanenmu a kan fiƙihun Malikiyya yake tafiya ko sun sani ko ba su sani ba, kuma rigingimunsa da yawa a kotun shari'a suke ƙarewa.

Gargaɗi: kowace tsangaya tana da adadin ɗaliban da aka amince ta tura makarantar lauyoyi a shekara. Jami'ar da ke ɗiban fiye da adadinta takan bar waɗanda suka gama suna jiran layi. Kuma gurbin da bai fito a shafin CAPS na JAMB ba, ba gurbi ba ne, ko da wa ya yi alkawarinsa.

Mataki na 4: Gina maki da zaɓen darussa

Ana auna digiri da maki 5. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu babba daga 3.50 zuwa 4.49, ta biyu ƙarama daga 2.40 zuwa 3.49. Makin tarawa ake yi, saboda haka sakacin aji ɗaya da aji biyu yana bin mutum har aji biyar.

A tsarin da aka saba, Dokar Yarjejeniya a aji biyu take zuwa, Dokar Ciniki a aji uku, Dokar Ƙasa da ta Shaida a aji huɗu, Dokar Kamfanoni a aji biyar. Ta farkon ita ce gindin sauran, wanda bai riƙe ta ba zai sha wahala a duk abin da ya biyo baya. A darussan zaɓi a ɗauki haraji, banki da inshora, ƙwadago, da mu'amalat. Ɗalibai kan guje wa haraji saboda akwai lissafi a ciki, su koma inda aka ce malamin na da sauƙin maki. Ga mai wannan niyya, gudun haraji gudun abincinsa ne.

Gargaɗi: dokokin kasuwanci suna sauyawa fiye da littattafan da ke kanta. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 1990 an maye gurbinta da wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020, wadda ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai. Dokar bankuna ta BOFIA ma a 2020 aka sabunta ta, ta sasanci a 2023, sabbin dokokin haraji kuma an sa musu hannu a watan Yuni na 2025. Tsohon littafin da yayanka ya bar maka yana da amfani wajen fahimtar ƙa'ida, amma lambar sashe daga ainihin dokar ake ɗauko ta.

Mataki na 5: Shigo da ɓangaren kasuwanci

Daga aji biyu, bayan an ga ƙafa ta tsaya, a yi rajistar jarrabawar ATS ta cibiyar akantoci ICAN. Kashi 3 ce, ana zamanta sau biyu a shekara, kuma da takardar sakandare ake shiga. Wanda lissafi bai kwanta masa ba ya jira ya gama digiri ya nemi ICSAN, ta sakatarorin kamfanoni, ko CITN, ta masana haraji, dukkansu suna karɓar masu digirin lauya. Kashi ɗaya a lokaci ɗaya ya isa, kuma idan ranarta ta yi karo da jarrabawar jami'a, ita ce ake ɗagawa.

Sauran horon a hutu ake samunsa, kyauta. A karɓi littafin shagon gida na wata uku, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ware bashi da ranar biyansa, a fitar da riba bayan an cire kuɗin mota da na haya da na yaran shago. A hutu na gaba a nemi zama a ofishin lauya mai yi wa kamfanoni rajista da hukumar CAC, a ga yadda ake tsara takardun kafa kamfani da rabon hannun jari.

Mataki na 6: Zaɓen batun bincike

Nan ne fannonin biyu suke haɗuwa, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kundin bincike na aji biyar yana da nauyin maki mai yawa, shi ne kuma abu ɗaya tak a digirin da ɗalibi zai iya ɗauka ya nuna wa mai ɗaukar aiki ko jami'ar da zai nemi digiri na biyu. A fara tunaninsa tun hutun ƙarshen aji huɗu. A shirya batutuwa 3, domin sashe yakan ƙi na farko idan an taɓa yin irinsa.

Batu mai kyau tambaya ce da za a iya amsawa a shafi sittin ko tamanin, wadda take da doka a rubuce a gefe guda da abin da mutane ke yi a ɗaya gefen. “Nazari kan dokar kamfanoni a Najeriya” ba batu ba ne, sunan littafi ne. Amma a ce za a duba ko damar rajistar kamfanin mutum ɗaya ta sauya wani abu ga masu shaguna a Babbar Kasuwar Katsina tun 2020, wannan ana iya kama shi da hannu.

Ga misali da ya fi kusa. A karar shanu ta Mai'aduwa, mai saye ya yi tayi, dillali ya koma wurin mai sa, aka ce albarka, aka ƙara, aka ce an sallama. Babu takarda, babu sa hannu, kuɗin ma sai la'asar za a kawo. Kafin la'asar san ya faɗi ya mutu a turke. Asarar ta wa ce? Dokar sayar da kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila ta ce a kayan da aka ayyana mallaka takan koma ga mai saye da zarar an ƙulla ciniki, hasara kuma mallaka take bi. Malaman Malikiyya suna da nasu bayani a kan lokacin da lamuni ke komawa, a littattafan Risala da Mukhtasar da Tuhfa, kuma Imamu Malik bai yi aiki da zaɓin warware ciniki kafin a tashi daga majalisi ba. Su kuma dattawan kara suna da abin da suke yankewa a gindin bishiya cikin minti goma. Ɗalibin da ya jera waɗannan ukun, ya nuna inda suka dace da inda suka saɓa, ya kuma lissafa abin da la'ada da jinkirin biya suke ci daga ribar mai kiwo, ya yi aikin da babu wanda zai ce daga intanet ya kwaso shi.

Irin wannan yana da yawa a jihar nan: matsayin adashi a doka idan uwar adashi ta gudu, yarjejeniyar babur ko Keke Napep da ake biya kaɗan-kaɗan idan aka auna ta da dokar 1965 mai kula da irin wannan ciniki, abin da ya faru da kwangilolin fatake a Jibiya da Kongolam lokacin da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, ko tsarin murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka bayyana, a bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa tun da Jaiz ya fara aiki a 2012.

Gargaɗi: kada a zaɓi batun da bayanansa ke kulle a hannun banki ko ma'aikata, sai an samu tabbacin za a bayar. Ɗalibai da yawa sun kai watan ƙarshe suna jiran amsar wasiƙa.

Mataki na 7: Tattara bayanai

Aikin gida biyu ne. Na farko a ɗakin karatu: ainihin dokar, hukunce-hukuncen kotu daga rahoton NWLR ko manhajar LawPavilion, da kundin dokokin Jihar Katsina don a ga wace ce ke aiki a nan. Shari'o'in da suka taso daga dokar kamfanoni a Babbar Kotun Tarayya ake yin su, don haka can ne za a nemi kwafin hukunci, ba kotun jiha ba. A buɗe littafi guda tun ranar farko, duk abin da aka karanta a rubuta sunansa da shekara da shafi nan take.

Na biyu a kasuwa. A karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashe, amma kada a fara da miƙa ta. A nemi wanda zai kai ka wurin Sarkin Kasuwa ko shugaban dillalai, a durƙusa a gaisa, a ce, “Ranka ya daɗe, ni ɗan makaranta ne, an ba mu aikin sanin yadda kuke raba gardama idan ciniki ya lalace, na zo neman ilimi a wurinku.” Idan ya ce, “To ɗana, zauna,” kasuwa ta buɗe. Wanda ya shigo da baƙar kwat da takardu a hannu yana tambayar riba, ma'aikacin haraji za a ɗauke shi, kowa kuma zai ce kasuwa ba ta tafiya. A yi tambayoyin da Hausa, a nemi izini kafin a kunna rikoda, a ɓoye sunayen mutane a cikin kundin. Ranar cin kasuwa ta kallo ce, hira kuwa washegari ta fi daɗi, lokacin da hankali ya kwanta. Hira goma sha biyar masu zurfi sun fi takardar tambayoyi ɗari biyu da abokai suka cike a ɗakin kwana.

Mataki na 8: Rubutu da kare aiki

Babi 5 aka saba: gabatarwa, bitar abin da aka rubuta, dokar da ke aiki, abin da aka gano, sannan kammalawa da shawarwari. A fara da babi na uku, a bar gabatarwa zuwa ƙarshe, domin sai an gama ake sanin abin da za a gabatar. A tambayi malami mai duba aikin salon kafa hujja da sashe ke bi tun kafin a rubuta shafi ɗaya. Tsangayoyin shari'a da yawa salon ƙungiyar malaman shari'a NALT suke bi, mai bayani a ƙasan shafi, alhali sashen kasuwanci APA ya saba da shi, kuma cakuɗa su yana zubar da maki. A kai wa malamin babi ɗaya-ɗaya, a adana kwafin da ya yi gyara da jan biro.

Gargaɗi: sayen kundi a shagon kwamfuta ko sa manhaja ta rubuta shi yana da haɗari biyu. Jami'o'i suna da manhajar gano satar rubutu, sannan manhajojin rubutu sukan ƙirƙiro sunan shari'ar da ba a taɓa yi ba. Duk hukuncin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ya shiga. Laifin satar jarrabawa ko rubutu kuma yana iya hana mutum rigar lauya, domin ana binciken hali kafin rantsarwa.

Ranar karewa tambayoyi uku ba sa wucewa: me ka gano, ta yaya ka gano shi, wace doka kake so a gyara.

Mataki na 9: Lissafin kuɗi da abin da ke biyo baya

Fom ɗin JAMB a 2025 bai kai naira 10,000 ba, shi ne mafi arha a tafiyar. Bayan kuɗin makaranta da masauki akwai tufafi baƙi da fari, littattafan doka, kuɗin kowane kashi na jarrabawar ƙwararru, kuɗin mota zuwa kasuwanni, da buga kundi kwafi uku ko huɗu mai bango mai tauri. Ɗalibin jami'ar gwamnati yana iya neman rancen karatu na asusun NELFUND, wanda babu ruwa a kansa kuma sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa ake fara biya, ya kuma nemi tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha.

Nauyi mafi girma a ƙarshe yake faɗowa. Kuɗin makarantar lauyoyi na dubban ɗaruruwa ne kuma a dunƙule ake biya, ga hular gashi da riga, ga kuɗin rantsarwa. Ana iya tura ɗalibi Bagauda a Kano, ko Bwari a Abuja, ko Legas, Inugu, Yola, Yenagoa ko Fatakwal, kuma ba lallai a ba shi inda ya zaɓa ba. Gidan da ya fara ware wannan kuɗi tun ɗalibi yana aji uku, ko da ta hanyar sayen ɗan maraƙi a ajiye, ba ya shiga neman rance a ɗan lokacin da ake bayarwa.

Bayan rantsarwa da hidimar ƙasa, wanda ke son shaidar jami'a a kasuwanci sai ya nemi MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci. Jami'o'i da yawa sukan buƙaci mai digirin lauya ya fara yin babbar difloma ta shekara 1 a harkar gudanarwa, sai dai takardar ICAN ko ICSAN da aka riga aka samu takan rage wannan hanya a wasu wuraren. A tafi da kwafin kundin bincike ranar ganawa, da takardar sakamako da aka nema daga jami'a aƙalla wata uku kafin a rufe karɓar fom.